Shekarar da Mahaifiyarku Ta Kayar da Ni

Ranar walimar auren Zara, kawunku Lawan ya miƙe a gaban jama'a yana yabona. Ya ce duk faɗin Gashuwa bai ga namiji mai kara irina ba, wai an ba ni gurbin karatun digiri na biyu na ce a'a, a bai wa matata. Mutane suka yi ta gyaɗa kai, ni ma na gyaɗa nawa, don ban ga dalilin ɓata masa jawabi ba ga shinkafa tana hucewa. Da labarin ya isa cikin gida, an ce mahaifiyarku ta yi dariya har da share hawaye. To yanzu na yi ritaya, ina da lokaci, kuma ba na son ku ba 'ya'yanku abin da ba haka yake ba. Ba wanda ya ba ni gurbi balle in bayar. Ni da mahaifiyarku muka shiga intabiyu rana ɗaya, gaban mutum uku, ta kayar da ni warwas.

A wancan lokacin ina koyar da bayoloji a wata sakandare a Gashuwa, na fi shekara goma ina yi, kuma ina ji da kaina ƙwarai. Falmata kuwa, wato mahaifiyarku, tare muka yi digiri na farko, sashe ɗaya, a can ma na fara ganinta. Bayan aure na ɗauko ta daga Nguru, ta samu aiki a ɗakin gwaji na asibiti, kullum tana sunkuye kan madubin hangen ƙwayoyin cuta tana duba jini da fitsari. Ke Zara kina aji huɗu, Abba ya shiga aji ɗaya, Ummi ba ta daɗe da yaye ba. Iya, mahaifiyata, tana tare da mu tun rasuwar Baba, kuma ita ce mai magana ta ƙarshe a kan komai, daga gishirin miya har sunan jariri.

Wata ranar Litinin na tarar an manna takarda a ofishin malamai. Wani farfesa daga wata jami'a mai nisa yana neman ɗalibi guda ɗaya tak, wanda zai yi bincike kan tsargiya a fadamun Nguru. Za a yi shekara ɗaya ana karatu a can jami'ar, sannan a dawo aikin fili, kuma su za su ɗauki nauyin komai. Ku da kuka taso da ruwan famfo ba ku san tsargiya ba. Mu a zamaninmu, yaron da bai yi fitsarin jini ba gani ake bai fara girma ba. Tsutsar da ke kawo ta a jikin wata ƙaramar katantanwa ta ruwa take renuwa, daga nan ta fito ta shige fatar mai wanka ko mai su. Da na karanta takardar nan na ce ai wannan da ni aka yi. Ni ɗan masunta ne, a bakin kogi aka haife ni, ga shi na koyar da rayuwar tsutsar nan a allo har na iya zana ta ido rufe.

Sai da na yi kwana biyar ina rubuta tsarin binciken da suka ce a haɗo da fom. Da na gama na miƙa wa Falmata, ba don ta gyara ba, don ta yaba. Tana tsince shinkafa ta ajiye faifan ta karanta, ta sake komawa farko.

"Malam, ka ce za ka ɗebo katantanwa a ƙauyuka ashirin. A wane wata?"

"Duk watan da aka ba ni."

"To ai in rani ya yi nisa rabin wuraren nan tsagewa suke yi, ba ruwa. Kuma in kogi ya kawo, biyar daga cikinsu ko babur ba ya shiga. Sannan ga wani abu. Yawancin yaran da muke gani a asibiti da ciwon nan, daga garuruwan da kachalla ta toshe musu ruwa suke zuwa. Ban ga ka ambaci kachalla ba."

Kachalla ita ce doguwar ciyawar nan da ta cinye mana hanyoyin ruwa, har kwale-kwale ba ya iya ratsawa. Gaskiya ta faɗa, shi ya sa ma raina ya ɓaci. Na fizge takarduna na ce mata tunda ta iya haka, ai ga fili, ta cike fom ɗin mana. Ban yi zaton za ta ɗauka da gaske ba. Ta ɗago ta dube ni ta ce, "Ka yarda?" Na ce na yarda. Ta sake tambaya, na sake cewa na yarda, har da ɗaga murya. Washegari da kaina na je shagon hoto na yi mata kwafin fom, na kai ta wurin shugaban ɗakin gwajinsu ya rubuta mata wasiƙar shaida, na haɗa nawa da nata a ambulan biyu na aika. A raina ina cewa ko ba komai ta ga yadda ake yi.

Bayan wata guda amsa ta zo. Mutum bakwai aka kira intabiyu, mu biyu muna ciki, kuma a Nguru za a yi, inda farfesan ya kama wani ɗan ofis kusa da ruwa. Daga ranar gidanmu ya rabu biyu. Ni na kwaso littattafaina na jami'a na baje a zaure, ina haddace sunayen katantanwa na Latin da sunayen turawan da suka gano su. Ita kuwa in ta taso daga aiki sai ta saɓa Ummi ta bi matan unguwa zuwa wurin wanki a bakin kogi, ta dawo da zani jiƙe da gwangwanin madara cike da katantanwa. Kafin sati biyu bayan ɗakin girki ya cika da robobi da tsofaffin bokitan fenti, kowanne da takarda a jiki. Tana yanka musu ganyen salak, tana fitar da su rana da hantsi tana leƙawa. Iya ta yi haƙuri har haƙurinta ya ƙare ranar da ta tarar da su a kwanon da take jiƙa gero.

"Ni dai jikar masunta ce, 'yar masunta, matar masunci," in ji ta, "ban taɓa ganin an kawo katantanwa gida ana mata cefane ba. 'Yar Nguru, in kiwo kike so ki faɗa a saya miki akuya."

Falmata ta ba ta haƙuri ta wanke kwanon sau uku da toka. Ni kuwa na taya Iya dariya. Har na ce mata intabiyu da baki ake yi ba da bokiti ba.

Ana jibi intabiyu muka bar yara wurin Iya muka hau mota zuwa Nguru, muka sauka gidan Ba Modu, mahaifin Falmata. Kun san shi da tsufa, amma lokacin da ƙarfinsa, yana da rumfar bandar kifi a babbar kasuwa, kuma ba ya iya zama minti biyar bai tsokani wani ba. Ya tare mu da wushe wushe, gaisuwarsu ta Barebari, aka kawo burabusko da miyar kifi, sai da muka ci muka ƙoshi sannan ya gyara zama.

"To yanzu kun saka ni a tsaka mai wuya. Kujera ɗaya, 'yata tana so, surukina yana so. Wa zan yi wa addu'a?"

Na ce, "Baba, ka yi wa mai rabo."

"A'a, ni na riga na tsara. Asuba da la'asar nata ne, azahar da magariba naka. Isha'i kuwa na kaina ne, kada wanda ya faɗi ya daina gaishe ni."

Ranar intabiyu na saka babbar rigata ta sallah, mai aiki har ciki, da hula sabuwa. Muka tarar da sauran mutum biyar kan benci a baranda, kowa da jakar takardu. Ni aka kira na uku. Da na shiga na ga mutum uku a bayan tebur: wata likita mai gilashi, wani malami da ke rubuta duk abin da aka faɗa, da wani ɗan guntun tsoho da silifas ɗin roba, wandonsa naɗe zuwa ƙwauri. Na ɗauka masinja ne, ashe shi ne farfesan. Tambayar farko ta faɗo daidai inda nake so. Aka ce in bayyana yadda tsutsar take rayuwa. Na miƙe tsaye kamar ina aji, na zuba, na kawo sunaye, na kawo shekaru, har na nemi alli. Likitar tana gyaɗa kai. Na ce a raina an gama.

Sai tsohon ya sunkuya ya jawo wani faranti daga ƙarƙashin tebur, da ɗan ruwa a ciki da katantanwa kusan ashirin, manya da ƙanana.

"Malam, ka ce kai ɗan masunta ne. Ware mini waɗanda ke kawo tsargiyar fitsari."

Na duba farantin nan. A littafi kowace an zana ta babba, fes, da kibiya tana nuna sunanta. A faranti kuwa duk laka ce da gansakuka, duk kamarsu ɗaya. Rabon da in taɓa katantanwa da hannuna tun ina ɗan firamare, kuma ko a lokacin jifa muke yi da su. Na naɗe hannun babbar riga, ya zame, na sake naɗewa, ya sake zamewa ya faɗa cikin ruwan. Na zaɓi manya guda huɗu masu kyan gani na jera a gefe. Farfesa ya dube su. Ya tambaye ni ko akwai abin da nake ganin ban sani ba game da ciwon nan, wanda nake son in gano. Na ce masa gaskiya na karanta kusan duk abin da aka rubuta. Ya ce madalla, ya gode.

Na fito da hannun riga yana ɗiga na zauna a ƙarshen benci, daidai ƙarƙashin taga. Falmata ce ta biyar. Ban zauna wurin don in yi saurare ba, amma kuma ban tashi ba. Da farko ta daburce, har ta manta sunan Latin guda ɗaya, likitar ta tuna mata. Na ji tausayinta, na fara shirya kalaman da zan lallashe ta da su a mota. Sai na ji ƙarar faranti a kan tebur. Sannan na ji ta tana cewa waɗannan shida ne masu kawo ciwon, in ka riƙe ta tsinin yana sama bakinta yana kallonka, za ka ga bakin a hagu yake, sauran nasu a dama. Farfesa ya tambaye ta ina suke tafiya in fadama ta bushe.

"Ranka ya daɗe, ban sani ba tabbas. An rubuta cewa suna shigewa cikin laka su jira ruwa. Na tona wuri uku a bakin koginmu, na samu a ɗaya, a gindin kachalla. Wuri uku bai isa a ce komai ba. In na samu dama, abin da zan fara bi ke nan."

Daga nan abin ya daina kama da intabiyu. Tsohon yana tambaya, tana amsawa, ita ma tana tambayarsa, ina jin likitar tana dariya da aka zo labarin kwanon Iya. Ni minti ashirin na yi a ɗakin. Ita sai da aka yi kiran azahar. Muka kama hanyar komawa a mota har muka wuce Jajimaji. Can ta ce, "Malam, yaya naka ya kasance?" Na ce lafiya lau, sun ji daɗi sosai.

Kwana tara bayan haka ina ofishin malamai ina duba jarrabawa wayata ta yi ƙara. Wayar Falmata ta faɗa ruwa tun wajen ɗibar katantanwa, saboda haka lambata ta saka a fom ɗinta. Na ji muryar tsohon, na miƙe tsaye. Duk da abin da na ji a ƙarƙashin taga, wani ɓangare na zuciyata bai cire rai ba. Muka gaisa, ya ce yana neman Malama Falmata. Na ce mijinta ne, ni ma na shiga intabiyun. Ya ce ya gane ni, mai babbar riga. Ya ce ita suka zaɓa, duka su ukun, kuma suna son amsarta kafin Juma'a. Ya ƙara da cewa ni malami ne mai kyau, ɗalibaina sun yi dace. Na san abin da ake nufi in an ce wa mutum haka.

A nan ne abin da ban taɓa gaya wa kowa ba. Ban tafi gida ba. Na hau babur na nufi gadar kogi, na ajiye shi na zauna ina kallon masu kwale-kwale. Labarin yana hannuna ni kaɗai, ba ta da waya, kuma Juma'a saura kwana uku. Ba zan ce muku tunanin yin shiru bai zo mini ba. Ya zo, ya zauna kusa da ni, mun daɗe tare. Na tuna abokan zamana na majalisa da abin da za su ce. Na tuna shekara guda ba ta gida, da yara uku. Abin da ya tashe ni daga wurin ba wani halin kirki ba ne. Na tuna sau biyu ta tambaye ni ko na yarda, sau biyu na ce na yarda, kuma na san in na haɗiye maganar nan ba zan ƙara iya cin abincin da ta dafa ina kallon fuskarta ba. Na yi la'asar a masallacin bakin kasuwa, na sayi tsire da lemo, na koma gida.

Tana wa Ummi wanka a tsakar gida. Na ce mata farfesa ya kira, ita aka ɗauka. Ta tsaya da soso a hannu. Na ga murna ta taso mata har wuya, ta danne ta saboda ni, kuma wannan ya fi komai yi mini ciwo.

"Malam, in ba ka so, wallahi sai in ce musu ba zan samu zuwa ba. Wataƙila su ba ka."

"Ba za su ba ni ba. Manya huɗu na zaɓa musu, duk masu bakin dama."

Ta yi ƙoƙari, Allah ya sani ta yi ƙoƙari, amma dariyar ta ƙwace mata. Ni ma na fashe. Ummi tana cikin baho tana kallonmu da kumfa a ka, ita ma ta kama dariya ba ta san dalili ba.

Iya ce ba ta yi dariya ba. Ta saurari komai tana jan carbi, ta tambayi wa zai riƙe yara, na ce ni da ita. Ta tambayi ko zan iya hana tafiyar, na ce zan iya amma ba zan yi ba. Ta ce to ta ji, amma da sharaɗi ɗaya: duk wanda ya tambaya, a ce ni aka ba, na bar wa matata. Falmata ta ce ta yarda tun kafin in buɗe baki. Ni kuma, in faɗi gaskiya, ban yi gardama sosai ba. Kafin sati Iya ta kai labarin gidan suna biyu da ta'aziyya ɗaya, har ni na fara jin kamar haka aka yi. Ba Modu kaɗai bai saya ba. Duk sanda muka haɗu sai ya ce ashe dai addu'ar asuba ta fi ta azahar kaifi.

Shekarar ba ta zo da sauƙi ba. Na koyi tashi da wuri in dama koko, na koyi cewa yaro yana iya ɓatar da takalmi ƙafa ɗaya sau uku a zango guda. Zara, ke kika sha wahalar kitso, don makwabciyar da ke miki hannunta zafi gare shi, kina dawowa da kuka ni kuma ban san me zan ce ba. A majalisa suka laƙa mini Mijin Dokta tun ba ta zama doktar ba. Na yi niyyar in sake neman gurbi in ta dawo, amma da ta dawo aikin fili ya ɗauke ta, daga nan aka ce ta zarce digiri na uku, ni kuma aka ba ni mataimakin shugaban makaranta, shekaru suka tafi. Ban yi digiri na biyu ba har yau. Wani lokaci yana sosa mini rai, ba zan ɓoye muku ba.

Amma abin da nake so ku riƙe ya faru ne sati uku da tafiyarta. Ranar Asabar da hantsi, ina wankin kayan makarantarku, ta kira ni da sabuwar wayar da na saya mata. Tana buɗe baki na ji kuka take. Ta ce darasin lissafin bincike ya fi ƙarfinta, yaran ajin duk ta girme su, an yi gwaji ta zo kusa da ƙarshe. Ta ce ta yi mafarkin Ummi tana kiranta. Ta riga ta haɗa jaka, gobe da safe za ta shiga motar Gashuwa. Na ajiye rigar Abba a cikin kumfa, na goge hannuna a wando, na koma zaure inda Iya ba za ta ji ba.

"Falmata, saurara. Kin kayar da ni gaban mutum uku, na jiƙa rigar sallata, na zama Mijin Dokta a garin ubana. Duk wannan kuma ki dawo mini hannu rabbana? Wallahi ba ki isa ba. Kwance jakar nan. Lissafin ki karanto mini ta waya, ai ni malami ne mai kyau, farfesanku ma ya faɗa."

Ina jin tana jan hanci. Can ta ce in jira ta ɗauko littafin. Na jawo kujera na zauna, na ɗauki fensirin Abba da bayan wata tsohuwar takardar jarrabawa, ta fara karanto mini tambaya ta ɗaya.